Ƙoƙon Kumburi

Ana kiran assalatu na ji ƙugin mota a ƙofar gida. Ƙunshina a ɗaure yake tun jiya: zane biyu, carbi, ɗan goro, da butar Malam mijina, wadda ba na rabuwa da ita tun da ya rasu. Mun tashi daga Gumel gari bai gama wayewa ba, ranar Alhamis, cikin bazarar da ta biyo bayan shekarar babban sanƙarau. Ku da kuke ta aiko mini da tambayar abin da ya kai tsohuwa irina yawon garuruwa a motar gwamnati, ga labarin. Na sa an rubuta muku ne don ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, kuma bakina ya gaji da maimaitawa.

Kafin in fita na tsaya a bakin ɗakin da mara lafiyarmu yake kwance. Ban shiga ba. Na tambayi matarsa ko mutanen ɗakin sun tashi lafiya, ta ce da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa. Wanda yake kwancen nan shi ne na fari a cikina, kuma ko wannan maganar da nauyi take fita. Kun san yadda muka tashi. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Sule Tankarkar, garin su Malam, can ya girma. Yaya yake ce mini. Ni kuwa in zancensa ya kama dole, sai in ce mutumin Sule. Ya haura arba'in, ya yi noma, ya ja amalanke, ya tara 'ya'ya, bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Ciwon da ya ɗauki ubansa shi ne ya kwantar da shi. Ƙafa ce take fara kumbura, sai fuska da safe, fitsari ya ragu yana kumfa, abinci ya riƙa yi wa mutum wari. Da aka kai Malam Kano cewa suka yi ƙoda ce. Muka tambayi abin da yake kawo shi, suka ce Allah ne masani. Damina biyu ke nan da rasuwarsa, kuma har yau in na tuna ina kuka, ko a gaban wa. Mutanen unguwa sun ce ba ni da haƙuri. Ban musa musu ba.

Mu biyar ne a motar. Akwai likita daga Kano, shi ne shugaban tafiyar, dogo mai yawan shiru. Akwai wani malamin unguwarmu, wanda aka ɗauko don ya buɗe taro da addu'a maza su saki jiki. Akwai direba. Sai Sista, 'yar ƙasar Jos, Kirista ce, ta daɗe a asibitin garinmu, ita ta yi jinyar Malam har ta rufe masa ido, ita ce kuma take zuwa duba mutumin Sule in ta tashi daga aiki. Ita ta sa aka saka ni a tafiyar. Ta ce mata ba sa buɗe baki gaban baƙi, amma in suka ga tsohuwa irinsu ta fara, za su bi.

A hanya ta sake yi mini bayanin abin da za mu je yi, don na farko bai shige ni ba. An ware wasu kuɗi saboda ƙasarmu ta arewacin Jigawa, amma ba na sayen magani ba ne, ba kuma na gina asibiti ba. Na biyan masana ne su gano inda cuta take fitowa. Kuɗin ba za su isa kowace cuta ba, shi ya sa aka ce a zagaya a tambayi masu ƙasa wadda za a fara da ita. Na ce ashe masu bin sawu za a ɗauka, irin waɗanda ake kira in an kore wa mutum shanu. Likita ya juyo ya ce haka ne, Iya, sai dai ɓarayin suna da yawa, masu bin sawun kaɗan ne.

Hanyar Maigatari ranar kasuwa ba ta mai gaggawa ba ce. Kwaltar ta cinye daga gefe, ga garken shanu, ga raƙuma da ba su san ƙahon mota ba, ga manyan motoci an loda musu buhuna har sun karkace. Gidajen mai duk a rufe, sai masu sayarwa a galan a bakin titi, direba yana ciniki yana zagin zamani. Shingen masu kaki kuwa, na daina lissafi. Gonaki fayau, ba komai sai kututturen karan bara da iska mai zafi tun hantsi bai yi ba.

Rabona da Maigatari tun ina da ƙarfin zuwa sarin kanwa. Ta cika ta batse. Mutanen Damagaram da rawunansu suna ciniki da sefa, suna ƙorafin abin da 'yan duwan, wato kwastan, suka karɓe musu a kan iyaka. Ga dabino, ga cuku, ga kanwa tuli-tuli. Na tambayi kuɗin mudun gero, da aka faɗa mini sai na ɗauka na tiya biyu ake nufi. Sista ta saya mini fura da nono mai kyau, na sha rabi, na tuna wanda na baro ko kunu ba ya zama a cikinsa, sauran ya gagare ni.

An tara mata a tsakar gidan mai gari, likita ya zauna a bakin zaure. Tsarinsu shi ne a jera ƙoƙuna, kowace cuta da nata, a ajiye wata alama a gabansa don mu da ba ma karatu: tsumman gidan sauro na zazzaɓi, majanyi na haihuwa, haka dai. Sai a ba kowa tsakuwa uku ya jefa inda ya fi so a bi sawu. To, a nan aka fara samun cikas, don likita bai san ƙasarmu ba ta da tsakuwa ba. Aka duba gabas da yamma, rairayi ne kawai. Aka sayo wake aka raba. Wata tsohuwa ta ƙulle nata a gefen zane, ta ce ba za ta ciyar da cuta wake ba jikokinta suna kallo. Direba ne ya kawo dabarar ƙwallon aduwa, wanda awaki suke tofarwa a gindin kowace bishiya. Da shi muka yi aiki har ƙarshen tafiya.

Sai ƙa'idarsu. Cuta ba ta samun ƙoƙo sai an sami mai shaida daga cikin gidan da take, ya faɗi wanda ta kama, da sunansa, da abin da yake gare shi, don masu bincike su san inda za su dosa. Likita ya ce ba sa karɓar an ce. Ma'aikata kuma ba su da ƙwallo, ba su da shaida.

Sanƙarau bai sha wahalar samun masu shaida ba. Kusan kowace mace a wurin ta binne wani bara. Wata ta lissafa 'ya'yanta da ya kwashe cikin mako guda, muryarta ko rawa ba ta yi. Da Sista ta yi mini ido na miƙe, na ba da labarin Malam, tun daga ranar da takalminsa ya ƙi shiga har ranar da aka fita da shi. Na yi kuka, wasu suka taya ni. Likita ya bari na gama, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambayi shekarun Malam. Na ce ya ga zamanin fara yana saurayi. Ya ce cikin ladabi, jikin dattijo yakan gaji ta hanyoyi da yawa, abin da suke son sani shi ne ko ciwon yana kama masu ƙarfi, kuma ko akwai wanda yake fama da shi yanzu.

Na ce akwai wani a unguwarmu.

Ya ce wane ne, me yake gare ki?

Sista ta taka mini ƙafa. Na dubi matan nan, sa'o'ina da 'ya'yan cikina, duk sun zuba mini ido. Na ce wani ne dai. Na zauna. Kumburi bai sami ƙoƙo a Maigatari ba, ƙwallayena na zuba su a na haihuwa.

Bayan la'asar, muna zaune a inuwar ɗakin da aka sauke mu, Sista ta tsare ni. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Mama, don me na ɗauko ki? Ɗanki ne fa. Ke kika haife shi."

Na ce, "Ke 'yar nan, a garinku uwa tana kiran sunan ɗan fari?"

"Tana kira. In ya yi laifi har ta haɗa da na kakansa."

Na ce to Allah ya kyauta muku. Ta yi dariya ba don tana so ba, sannan ta ce ita bakinta a ɗaure yake, abin da ta gani a wurin jinya amana ne, kuma ƙa'ida ta hana ta. Matarsa tana jego ba ta fita, ƙannensa suna kudu neman kuɗi. Ta ce in ban faɗa ba, ba mai faɗa. Na ce mata ta shekara goma sha a cikinmu, ta iya tuwonmu, ta iya gaisuwarmu, amma wannan ba ta san nauyinsa ba. Macen da ta nuna damuwa da ɗan fari a bainar jama'a, da ita da wadda ta fita ba zane duk ɗaya ne.

Washegari bayan an sauko Juma'a muka kama hanyar Gagarawa, kuma dole sai an ratsa ta Gumel. Da muka zo daidai lungun gidanmu direba ya rage gudu, ya tambaya ko Iya za ta leƙa gida. Ina hango dalbejiyar ƙofarmu. Na duba ko akwai tabarmi a shimfiɗe a waje, ko taron maza. Babu. Na ce ya wuce, ban manta komai ba. Daga nan har Gagarawa ban ga hanya ba, mayafi ne a fuskata, sai ji nake mota tana faɗawa ramuka malam yana salati.

Gagarawa garin riɗi ne da tashar jirgin ƙasa. Dogon yana nan a miƙe, awaki suna kwance a kai, an ce jirgin sai ya ga dama yake zuwa. Rijiyoyinsu zurfi gare su, sai an haɗa guga da sa ko jaki, ruwan kuma da ɗan gishiri-gishiri a harshe. Sun karɓe mu da dambu da man gyaɗa, da ƙuli mai sukari da haƙorana suka ƙi. Mutane ne masu kirki, sai dai sun ɗauka allura muka kawo, mata suka fito da yara a goye, da aka ce tambaya muka zo yi kusan rabi suka koma. Wani dattijo ya ce wa likita tun yana yaro ake zuwa ana tambayarsu, bai taɓa ganin wanda ya dawo da amsa ba.

A taron mata zancen haihuwa ne ya fi yawa. Aka ba da labarin wadda ta cika a kan amalanke tsakanin ƙauyensu da titi, uwarta ce ta faɗa, da suna da komai, don 'yar ta uku ce. Na sake miƙewa na yi zancen Malam, na sake tsayawa inda na tsaya jiya. Amma ina zama sai wata mace daga baya, ba ta kai ni shekaru ba, ta ce ita ma ta san wannan ciwon, yana jikin wani yaron maƙwabta. Likita ya tambayi suna. Ta ce yaron maƙwabta ne dai. Wata kuma ta ce akwai wani a gidansu da ƙafarsa ta yi haka, da aka matsa mata sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Na san wannan muryar, don tawa ce. Da aka watse na iske ta farkon a bakin randa, na ce mata a hankali, na fari ne? Ta cika moɗa ta miƙo mini, ta kau da kai tana share ido.

Abin ya tsaya mini a rai. Manyan 'ya'ya su ne suka kai shekarun da ciwon yake kamawa, su ne suka fi daɗewa a rana da fartanya. Iyayensu maza sun mutu ko sun tsufa, matansu suna cikin gida, waɗanda ake tarawa a tambaya su ne mu, mu kuma ba ma iya faɗa. A mota na ji likita yana ce wa malam wannan kumburin ya ba shi mamaki, kowa ya san wani, amma ba mai shi, ba zai iya kai wa manyansa ciwon da ba shi da gida ba. Malamin unguwar tamu ya san gidanmu sarai. Bai dube ni ba, tagar mota yake kallo, ya ce kunya ado ce, iyayenmu ba su yi ƙarya ba, sai dai shi a iya ɗan karatunsa bai ga inda aka hana uwa kiran abin da ta haifa ba. Daga nan ya koma jan carbinsa.

Sule Tankarkar ce ta ƙarshe, kuma da an bar ni na zaɓa, da ita zan tsallake. Hanyar rairayi ce, mota ta kafe sau biyu, har likita ya naɗe wando ya yi turi, malam yana ba da umarni daga inuwa. Da muka shiga gari na ga kukar da ake saukar da amare a gindinta tana nan, ta fi ni riƙe jiki. Kasuwa ba ta ci ranar, sai 'yan rumfuna da mai tsire ɗaya yana korar ƙuda. Duk inda na waiga dangin Malam ne. A nan aka san ni da kunya. A nan surukata, Allah ya ji ƙanta, take ba da misali da ni, tana cewa yarinyar nan ko ɗanta ya faɗi a gabanta ba ta ɗaga ido.

A makarantar firamare aka yi taron, mata a cikin aji a kan tabarmi, maza sun gama nasu sun tsaya ta tagogi suna leƙe. A gaba, an jingina ta da bango, ga yayar Malam, wadda duk muke kira Goggo. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun tafi, amma kunne da baki suna nan. Ita ta taya uwarta renon mutumin Sule, a bayanta ya yi wayo. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce na rame, ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi.

Aka jera ƙoƙuna, aka yi shaidar sanƙarau, aka yi ta zazzaɓi, aka yi ta ciwon ido. Sista ba ta dube ni ba wannan karon, ta gaji. Likita ya tambaya ko akwai sauran magana kafin a raba ƙwallo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban yi zancen Malam ba, duk sun san shi. Na ce ciwon da ya kashe ɗan'uwanku yana gidana har yanzu, ya kama mai ƙarfi, manomi, uban yara.

Likita ya ce, "Iya, wane ne?"

Na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a harshe.

Na ce, "Sa'idu. Sunansa Sa'idu. Ni na haife shi, shi ne na fari."

Wata yarinya ta yi 'yar dariya aka buge mata baki. Ta taga na ji wani namiji ya ce subhanallahi. Ni kuwa sunan ya fito mini baƙo, kamar na ɗanɗana abincin wata ƙasa, sai kuka ya zo, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Malam. Ina kukan ina faɗa musu yadda ƙafar take, yadda yake kwana a zaune don numfashi, yadda ƙaramar 'yarsa take danna masa ƙauri da yatsa tana dariyar ramin da yake bari.

Goggo ta ce, "Ashe tsufa da rashin kunya ya zo miki."

Na ce, "Da shi ya zo, Goggo."

Ƙoƙunan likita sun ƙare, sai aka aro na wata mai fura. Aka rasa alamar da za a sa masa. Na kwance ƙunshina na ɗauko butar Malam na ajiye a gabansa. Kafin a raba ƙwallo wata mace ta matso ta raɗa wa Sista wani suna a kunne, ta ce a rubuta, nata ne, amma kada a faɗa da ƙarfi. Wata ta bi bayanta. Likita ya karɓa a haka, ya ce da ya san da wannan tun Maigatari da raɗar ya nema. Shi ma Bahaushe ne, ya san kunyar, bai dai taɓa kawo ta cikin lissafin aikinsa ba.

Da aka zo jefawa Goggo ta ce a kama ta a kai ta. Ta bi ƙoƙunan tana lalube har hannunta ya taɓa butar. Ta tsaya tana shafa ta, ta gane ta. Ta zuba ƙwallayenta duka uku a cikin ƙoƙon, ta ce ba don ke ba, ni na goya shi. Ranar ƙoƙon kumburi ya kusa kamo na sanƙarau.

Mun koma Gumel da safe, aka wuce da mu kai tsaye babban taron da za a haɗa na garuruwa. Zaure ne babba, ga wakilan hakimai, ga shugabannin asibiti, ga malamai, ga wakilin makiyaya da na 'yan kasuwa. Ba wutar lantarki, fankoki a tsaye, manya suna fifita da takardun da aka raba musu. Aka yi jawabai da Turanci, ana juya mana kaɗan-kaɗan. Mutanen Gumel ma sun yi nasu jefawar tun kafin mu tashi, ba kumburi a ciki. Aka raba lemo da nama a leda, na ƙulle nawa don yara.

Sannan aka faɗi sakamako. Sanƙarau ne a gaba, sai mutuwar mata wurin haihuwa, sai zazzaɓin yara. A kansu za a kashe kuɗin. Kumburi gari ɗaya ya sami ƙoƙo cikin huɗu, da aka haɗa sai ya zo can ƙarshe, bayan ciwon ido. Wani mai babbar riga ya ce ai ma wannan ba a san shi ba. Ban ji haushin waɗanda suka ci ba. Na ga matar Maigatari, na ga uwar yarinyar amalanke, wa zai ce nasu ba ciwo ba ne?

Likita ya same ni a waje, ya rusuna ya gaishe ni. Bai yi mini ƙarya ba, na gode masa da wannan. Ya ce ƙoƙona ya shigo a makare, ba shi da ikon sake zagayen, amma ya rubuta kumburi a ƙasa, da sunayen nan uku, in an sake samun kuɗi wani lokaci za a duba. Na shekara da yawa a duniya, na san tsawon wani lokaci. Sista ta rako ni har lungu tana share ido, ni ce ma nake ba ta haƙuri.

Magana ta riga ni isa gida, motocin haya sun kawo ta. Maƙwabciyata ta amsa sallamata tana kallon ƙasa. Wata ta ce sannu da zuwa, 'yar boko. Na shiga, ban ko ajiye ƙunshi ba matar mutumin Sule ta ce yana kira na. Tun da aka kwantar da shi ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Na shiga. Yana jingine da bango, fuskar ta ƙara cika har idanun sun shige, amma murmushi yake.

Ya ce, "Yaya, an ce kin yi abin kunya a Sule."

Na ce an yi.

"A gaban Goggo?"

Na ce a gabanta, kuma ba a ci ba, kuɗin sun tafi wurin sanƙarau.

Ya ce ai ya san ba za a ci ba, shi ba wannan ya dame shi ba. Ya nemi numfashi, sannan ya ce, "Mutanen Sule sun ji, maza ta taga sun ji. Ni ne ban ji ba."

Na zauna a bakin gadon. Na kama ƙafar nan mai nauyi na ɗora a cinyata, rabona da taɓa ta tun tana cika tafin hannuna. Na ce, Sa'idu. Ya ce na'am. Matarsa ta fita ta bar mu.

Abin da na gani a tafiyar nan ke nan. Ƙasarmu ciwo ya yi mata yawa, har sai an jera shi a ƙoƙo an zaɓa, kuma masu zaɓen ba mugaye ba ne, abin da aka faɗa musu shi suke ɗauka. Wanda aka yi wa shiru ba ya shiga lissafi. Ban ce ku zubar da kunya ba, da ita aka rene mu, da ita za a binne mu. Amma in masu tambaya suka sake zuwa, ke da kike da wani a gida, ki matsa ki raɗa ko a kunne ne, kuma ki yi tun a garin farko. Ina yawan tuna matar bakin randa a Gagarawa, ban san sunanta ba, balle na nata.

Butar Malam tana Sule Tankarkar, Goggo ta ce a bar mata. Masu bin sawu ba su zo ba tukuna. Ni dai yanzu kullum in na idar da sallar asuba nakan shiga ɗakin in kira shi, ya amsa. Ku taya mu da addu'a. Yau sai da na kira sau biyu.